Gadar Gaya da Malanville: Tarihinta da Abin da Na Gani a Kanta

Gabatarwa

Ni mutumin Kafanchan ne a kudancin Jihar Kaduna, kuma ba da Hausa na buɗi baki ba. A gidanmu Jju muke yi. Hausa kuwa a kasuwa da filin ƙwallo na tsince ta, kafin Allah ya kawo ni wannan sashe inda ake nazarinta da alƙalami. Na faɗi haka ne domin mai karatu ya san dalilin da ya sa kalmar "gada" ta daɗe tana yi mini yawo a ka. Muna aji ɗaya, a darasin tsarin sauti, malaminmu ya rubuta "mun hau gada" a allo ya ce in karanta. Ina rufe baki aji ya fashe da dariya. Malam ya bari dariya ta lafa sa'annan ya ce, "To, kai dai dabbar daji ka hau, mu kuwa ta kogi muke nufi." A ranar na san cewa gadar kogi karin sautinta sama-ƙasa ne, ta daji kuwa ƙasa-sama, ban da gaɗa ta 'yan mata da ake yi a dandali, wadda ita harafinta ma daban ne.

Masana sun nuna cewa "gada" ta kogi ararriyar kalma ce daga Ingilishi, daga sunan da Turawa ke kiran dogon ƙarfen da ake girkewa a ɗora gini a kansa. Kafin zuwanta Bahaushe yana da "kadarko", wato itatuwan da ake gittawa a kan rafi ko kwazazzabo domin a haye. Ke nan kalmar ta shigo tare da abinta, a zamanin da aka fara shimfiɗa dogo, kamar yadda "kwalbati" da "tasha" da "reluwe" suka shigo. Wannan maƙala za ta waiwayi tarihin gada guda ɗaya, wadda ta ratsa Kogin Kwara tsakanin garin Gaya na Jamhuriyar Nijar da garin Malanville na Jamhuriyar Benin. Na zaɓe ta ne saboda na taɓa taka ta da ƙafata, kuma Hausa na cikin harsunan da suka fi amo a kasuwannin da ke gefenta biyu.

Me ya haɗa ɗan Kafanchan da gada?

Wani zai ce ina ruwan mutumin Kafanchan da gadar kan iyaka, alhali garinsa na tsakiyar Nijeriya. Amsar ita ce garinmu kansa ɗan dogo ne, dogon kuwa da gada ya cika. Layin gabas ya taso daga Fatakwal, ya bi ta Inugu saboda kwal, ya zo Makurɗi, ya haura Kafanchan ya nufi Kaduna. A 1927 Kafanchan ta zama mahaɗa, inda reshen da ke zuwa Jos ya rabu da babban layi. Amma a lokacin akwai giɓi a Makurɗi, domin Kogin Binuwai ya raba layin biyu, sai an ɗora taragai a jirgin fito an haye da su. Sai a 1932 aka buɗe gadar Makurɗi. Ba a daɗe ba, a 1933, Sarkin Jama'a ya dawo da fadarsa Kafanchan. Ibo da Yarabawa da Hausawa da sauran ƙabilu suka cika garin suna aikin reluwe da kasuwanci, suka tarar da Fantswam masu ƙasa da maƙwabtansu. Duk wannan taro da Hausa ya fi fahimtar juna. Saboda haka idan na ce wata gada da ke can Makurɗi tana da hannu a yadda kakannina suka koyi Hausa, ban yi ƙari ba.

A watan Disamba na 2022 na raka kawuna, wanda ke fataucin busasshiyar citta, zuwa Kamba ta Jihar Kebbi, daga nan muka shiga Gaya, muka haye Malanville inda yake da abokin ciniki. Tafiya ce mai nisa ta Kaduna da Zariya da Gusau da Sakkwato, ba zan gajiyar da mai karatu da labarinta ba.

Garuruwan biyu kafin gada

Yankin da gadar take ana kiransa Dandi, kuma mutanensa, wato Dandawa, harshensu ɗan'uwan Zabarmanci ne. Suna zaune a gaɓar kogin ta hagu da ta dama tun kafin a san za a yi wata ƙasa mai suna Nijar ko Benin. Gaya tsohon gari ne. Fataken Hausa masu zuwa Gwanja neman goro sun daɗe suna ratsa wannan yanki suna haye kogin da jiragen fito, ga kuma gishirin Foga da ake haƙowa a kusa. Malanville kuwa sabon gari ne na zamanin mulkin mallaka. An raɗa masa sunan Henri Malan, wani gwamnan Faransa na Dahome, wato tsohon sunan Benin kafin 1975. Kafin nan 'yan ƙauyukan masunta ne a wurin. Hausawan yankin "Malambil" na ji suna cewa, domin babu sautin "v" a Hausa, sai aka maye gurbinsa da "b", shi kuma ya jawo "n" ɗin da ke gabansa ya koma "m". Wanda ya yi darasin naso zai gane abin da ya faru nan take.

Ko kogin ma sunansa ya bambanta. Mu a Nijeriya Kwara ko Neja muke cewa, Hausawan Nijar kuwa sukan ce Kogin Isa, alhali "isa" a Zabarmanci ma'anarta kogi. Haka nan yawancin tsibiran da ke cikinsa sunayensu na ƙarewa da "gungu", wato tsibiri, kalmar da muka sani a sunan Gungawa na ƙasar Yawuri.

Yadda aka yi aka gina ta

Nijar ba ta da teku. A zamanin Turawa gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta Kano take bi, a zuba ta a jirgin ƙasa zuwa Legas, domin ita ce hanya mafi kusa kuma mafi araha. Wannan bai yi wa Faransawa daɗi ba, saboda kuɗin sufuri na tafiya aljihun Ingilishi. Su ma suna da nasu dogon daga Kwatano, mai tsawon kilomita 438, amma ya tsaya a Paraku tun cikin shekarun 1930, bai ƙara gaba ba. Daga Paraku zuwa bakin kogi akwai sauran tafiyar sama da kilomita 300 a mota. A farkon shekarun 1950 sai suka fito da wani shiri da suka kira Hirondelle, inda manyan motoci ke ɗaukar kayan da jirgi ya sauke a Paraku su haura da su Nijar, su juyo da gyaɗa, a kuma sassauta kuɗin dako domin a janye 'yan kasuwa daga hanyar Kano. To amma kowace mota sai ta tsaya a Malanville ta jira jirgin fito. Wannan cikas shi ya haifi gadar, wadda aka gina a 1958, saura shekara biyu ƙasashen su sami 'yanci.

A nan ya kamata mai karatu ya lura da wani abu. Lokacin da aka gina ta ba gadar kan iyakar ƙasa da ƙasa ba ce. Dahome da Nijar duk yankuna ne a cikin Afirka ta Yamma ta Faransa, gwamna-janar ɗaya ke mulkinsu daga Dakar. Wanda ya haye ta a 1958 kamar wanda ya tashi daga lardin Zazzau ne ya shiga lardin Filato. Dahome ta sami 'yanci ranar 1 ga Agusta 1960, Nijar ranar 3 ga wata, sai aka wayi gari gadar tana da tuta biyu. A 1959 an riga an kafa hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu mai kula da dogo da sufuri, wadda aka fi sani daga baya da OCBN. Da aka fara haƙar yuraniyam a Arlit a 1971, shi ma ta wannan gada yake bi zuwa Paraku da tashar ruwan Kwatano. Da zirga-zirga ta yi yawa aka ƙara gina gada ta biyu kusa da ta farko a tsakanin 1988 da 1989.

Dogon kuwa har yau bai haye kogin ba. An shimfiɗa wani layi daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016 da niyyar ya haɗu da na Paraku, aikin ya tsaya a nan. Ni da na tashi ina kallon taragai suna tsatsa a tashar Kafanchan, wannan labari bai ba ni mamaki ba.

Rikicin tsibirin Lete

A saman Gaya, idan aka bi kogi aka nufi Yamai, akwai wani tsibiri mai suna Lete, girmansa kimanin murabba'in kilomita 40. Ƙasa ce mai dausayi, Fulani makiyaya daga ɓangaren Nijar na kiwo a ciki, manoma daga ɓangaren Dahome kuma na shiga su yi noma. A tsakiyar 1960 aka yi arangama a tsibirin har aka rasa rayuka. Abu ya ƙara ɓaci a ƙarshen 1963, bayan sojoji sun kifar da Hubert Maga a Dahome, wanda aminin Diori Hamani ne na Nijar. Gwamnatin Diori ta kori dubban 'yan Dahome da ke aiki a Nijar, mafi yawansu ma'aikatan gwamnati da malaman makaranta. Dahome ta rama da toshe hanyar kayan Nijar. Gadar da ba ta wuce shekara biyar da ginawa ba ta zama wurin da sojoji ke harare juna. Sai a watan Janairu na 1965 aka sasanta a Yamusukuro, aka amince jama'ar ɓangarorin biyu su ci gaba da zama a tsibirin kafin a warware maganar.

Maganar ba ta warwaru ba sai bayan shekara 40. A 1994 aka kafa kwamitin haɗin gwiwa na shata iyaka, ya yi ta zama bai cim ma matsaya ba. Ranar 15 ga Yuni 2001, zamanin Mathieu Kerekou da Tandja Mamadou, ƙasashen suka sa hannu a Kwatano cewa za su kai ƙara Kotun Duniya da ke birnin Hague, suka shigar da ita a 2002. Alƙalai biyar suka saurari shari'ar, suka yanke hukunci ranar 12 ga Yuli 2005.

Ƙa'idar da kotun ta bi ita ce wadda shugabannin Afirka suka amince da ita a Alƙahira a 1964, wato kowace ƙasa ta riƙe iyakar da ta gada ranar samun 'yanci. Matsalar ita ce Faransawa ba su bar wata takarda da ta fayyace inda iyakar take a cikin ruwa ba. Benin ta ce iyakar tana gaɓar Nijar, ke nan kogin duka da tsibiransa nata ne, ta kafa hujja da wata wasiƙa ta 27 ga Agusta 1954 da ta fito daga ofishin gwamnan Nijar. Nijar kuwa ta kawo wata wasiƙar ta 3 ga Yuli 1914, wadda baturen mulki na Gaya mai suna Sadoux ya aika wa takwaransa na ɓangaren Dahome, inda ya jera tsibiran ya kuma ɗauki babbar hanyar jiragen ruwa a matsayin iyaka. Kotu ta duba wanda ke karɓar haraji da yin shari'a a tsibiran a zahiri, ta ga daga 1914 zuwa 1954 tsarin Sadoux ake bi. Sai ta yanke cewa iyakar ta bi wuri mafi zurfi a babbar hanyar jiragen ruwa, ta kuma ƙayyade wurare 154 da layin zai ratsa. Daga cikin tsibirai 25, Nijar ta sami 16 har da Lete, Benin ta sami 9.

Ina iyaka take a kan gada?

Wannan ita ce gaɓar da ta fi jan hankalina. Nijar ta ce tunda tare aka biya kuɗin gini da gyaran gadojin, kuma mallakarsu ta tarayya ce, to iyaka ta kasance daidai tsakiyar kowace gada. Benin ta ce ba zai yiwu iyakar da ke sama ta saɓa wa wadda ke cikin ruwa ba. A nan kotu ta bi ra'ayin Benin, ta ce iyakar da ke kan gada tana bin iyakar da ke cikin kogi. Dalilinta shi ne iyaka ba layi ba ce da aka ja a doron ƙasa kawai, tana nutsawa ƙarƙashin ƙasa tana kuma miƙewa sama. Sa'annan mallakar gini daban, ikon ƙasa daban. Ana iya yin tarayya a kan ƙarfe da siminti ba tare da an yi tarayya a kan mulki ba.

A ganina hukuncin ya yi daidai da hankali. Da an bi maganar tsakiya, da za a sami wani yanki na gadar inda mai tafiya a sama yana ƙasa ɗaya, masuncin da ke ƙarƙashinsa yana wata, hular wannan in ta faɗa wa wancan ta ƙetare iyaka ke nan. Ranar da muka haye na ce wa kawu, "Kawu, yanzu a wace ƙasa muke?" Ya ce, "Kai dai riƙe takardarka da kyau, masu kaki za su gaya maka." Wani dattijo ɗan Gaya da muke tare a mota ya yi dariya ya ce, "Yaro, mu nan kogi ba ya raba mu. Uwata 'yar wancan haye ce." Na ce, "Allah ya ja kwana, Baba, to da wane harshe kuke yi da su?" Ya ce da Dandanci, in an shiga kasuwa kuma a juya Hausa.

Hausar da na ji a can

A matsayina na ɗalibin harshe, kunnena ya fi idona aiki a wannan tafiya. Abin da muke kira kwastan su "duwan" suke cewa, makarantar boko "lakwal", ga kuma "jandarma", duk aro daga Faransanci. Lissafin kuɗi ne ya fi rikita ni. Ɓangarorin biyu duk sefa suke kashewa, amma ba a ƙirga ta ɗaya-ɗaya, sai da dala, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. In mai albasa ta ce "ashirin", sefa 100 take nufi. Jaka kuma, ko jikka kamar yadda suke faɗi, sefa 1,000 ce, alhali mu a Nijeriya naira 200 muka sani da jaka. Na tsaya taya wani kwando ina ta lissafi da yatsu har mai kayan ta tambayi kawu ko ɗan nasa ba ya jin Hausa ne. Abin ya sosa mini rai a lokacin, don ni a Kafanchan ana yaba Hausata. Daga baya na fahimci cewa ko Bakano aka kawo nan sai ya yi wannan tuntuɓe.

Kasuwar Malanville na cikin manyan kasuwannin Benin, ta shahara da albasa da hatsi. Ita da Gaya da Kamba kamar duwatsun murhu uku ne, kowace a ƙasarta amma tukunya ɗaya suke ɗauke da ita. Kafin rufewar 2023, kayan da ake saukewa a Kwatano, irin su shinkafa da gwanjo da tsofaffin motoci, da yawansu ta gadar suke haurawa Nijar a takarda, sa'annan su sulale su shigo Nijeriya ta Kamba ko Birnin Ƙonni ko Maraɗi. Wannan na cikin abin da ya sa Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020.

Rufewar 2023

Wata bakwai bayan dawowarmu, ranar 26 ga Yuli 2023, sojoji ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani suka kifar da Shugaba Mohamed Bazoum. Ranar 30 ga wata ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Benin ta rufe iyakarta, ɗaruruwan manyan motoci suka yi jerin gwano a Malanville, wasu da kayan abinci da magani. Sojojin Nijar su ma suka gindaya kwantenoni a kan gadar saboda barazanar kawo musu yaƙi. ECOWAS ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma Nijar ta ƙi, tana zargin cewa akwai sansanonin sojan Faransa a Benin da ake shirya mata makirci a ciki. Gwamnatin Patrice Talon ta musanta. A watan Mayu na 2024 rikicin ya shafi bututun man fetur mai tsawon kusan kilomita 2,000 da ya taso daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, inda Benin ta hana lodin mai na ɗan lokaci. Tsofaffin shugabannin Benin biyu, Nicephore Soglo da Boni Yayi, sun je Yamai neman sulhu a watan Yuni na shekarar. Nijar ta karkatar da kayanta zuwa tashar Lome ta Togo, ana ratsa Burkina Faso da rakiyar sojoji, hanya mai nisa da tsada da haɗari. A Janairun 2025 ta kammala ficewa daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso, a watan Maris kuma sabon kundin mulkinta ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Duk wannan ya faru gadar na toshe, haka kuma aka ci gaba da ganinta a cikin 2025.

Ga kawuna shekarar 2023 ta zo da masifa biyu. Cutar da ta afka wa gonakin citta a Kachiya da Jaba da Jama'a da Kagarko ta ruɓar da amfanin a cikin ƙasa, ɗan abin da ya tsira kuma ya yi tsadar da abokin cinikinsa na Malanville bai iya saye ba. Sun ci gaba da gaisawa ta waya. Mutumin ya gaya masa cewa jama'a sun koma fito da kwale-kwale kamar zamanin kakanni, ana loda buhuna da babura da fasinjoji a haye da su, masu jirage na cin kasuwarsu. A Mayun 2024 hukumomin Benin suka hana fiton na wani lokaci, sai mutane suka riƙa zagayawa ta Segbana su shigo Jihar Kebbi, su bi ta Kamba su koma Gaya, wato a ratsa ƙasa ta uku domin a je garin da ake hango hasken fitilunsa daga bakin kogi. Kawu ya tambaye shi ko yana zuwa ganin 'yarsa da ke aure a Gaya. Ya ce ya je suna sau ɗaya a kwale-kwale, suka bi ta ƙarƙashin gadar, ya ɗaga kai ya ga sojoji biyu zaune a inuwar kwantena suna shan shayi.